Neman karen da zai zauna da yarana

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Daren jiya an sake haura mana katanga. Karo na biyu ke nan tun da muka tare a gidan nan na bayan gari, can ta hanyar Kalgo in ka baro cikin Birnin Kebbi, na farko kaji bakwai suka kwashe daga akurki, jiya kuwa akuyar maman yara suka kwance, mai ciki ce ma ta kusa haihuwa. Ba wanda ya ji ko motsi, sai da asuba na fito alwala na ga guntun igiya a turke an yanke da wuƙa. Akuya dai Allah ya mayar da alheri, amma tun safe abin da ke min yawo a kai shi ne wani ƙato ya tsaya a tsakar gidana cikin dare, tsakaninsa da tagar ɗakin da yarana ke kwance bai fi taku goma ba.

Na yanke shawara zan nemi kare. Sai dai ba kowane kare ba, don yara huɗu gare ni, babban shekara 11, mai bi masa mace 8, sai namiji mai 5, sai auta da ba ta daɗe da cika 2 ba, wadda ko kyanwa ta gani sai ta ja mata wutsiya. Ina son wanda zai yi haushi da dare ya tashe ni, da rana kuma in auta ta faɗa kansa ya tashi ya ba ta wuri. Zan riƙa rubuta yadda abin ke tafiya don na san masu iyali da yawa a sababbin unguwanni suna cikin irin halin da nake ciki.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Maman yara ta ce sam. Ita ba za ta zauna gida ɗaya da kare ba, ga najasa ga yara, kuma mala'iku ba sa shiga inda yake. Ban ja da ita ba don ni ma abin na damuna, sai na bari da aka sauko Juma'a na bi malaminmu da muke ɗaukar karatu wurinsa har zaurensa. Na ce Allah gafarta Malam, ga abin da ya same ni ga kuma abin da nake nufi.

Ya ce hadisin yana nan ingantacce, wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko tsaron gona ba ana rage masa ƙiraɗi, wato wani kaso, daga ladansa kullum, a wata ruwayar ma biyu. Ya jawo Risala ya nuna min inda Ibn Abi Zaid ya ce ba a ajiye kare a gidaje sai don shuka ko dabbobi ko farautar neman abinci ba ta wasa ba. Amma ya ce malamai da dama sun yi wa tsaron gida ƙiyasi da waɗannan idan buƙata ta tabbata, har ya ba ni labarin da masu sharhi ke kawowa, cewa shi kansa Ibn Abi Zaid da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka yi masa magana ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ni kuma ga dabbobi a turke. Batun najasa kuwa ya ce a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne, Shafi'iyya ne suka tsananta a nan. Sharaɗinsa dai kar ya shiga ɗakuna, kar ya kusanci wurin salla da randar ruwa, a ware masa kaskonsa, kuma in na ɗauko shi to cinsa da shansa da lafiyarsa sun hau wuyana, Allah zai tambaye ni.

Na dawo na faɗa mata duka ban rage komai ba. Ta yi shiru, can ta ce to Baban yara, in dai can baya wajen turke zai zauna, amma ka ji da kyau, ranar da ya taɓa min ɗa ranar zai bar gidan nan. Na ce na yarda.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Sati guda ina bincike, a waya da kuma wurin wani abokina likitan dabbobi da muka yi sakandare tare. Masu tallar 'yan kwikwiyo sun cika Facebook da WhatsApp, yawanci daga Jos da Kaduna da Abuja, ka tura kuɗi su sa maka a mota har tasha, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka nasa ne mai son yara.

Wanda kowa ya fara kawo min shi ne Jaman Shefad, wanda muke ce wa karen 'yan sanda. Asalinsa na kiwon tumaki ne a Jamus, tun 1899 aka kafa ƙungiyar masu kiwon irinsa, yana da kai sosai yana kama abu da wuri kuma yana shaƙuwa da mutanen gida. Amma namijin yana kai kilo 30 zuwa 40, kuma yana son a fita da shi a ba shi aiki kullum, in ka ɗaure shi wuni da kwana a sarƙa sai ya koma mafaɗaci, ga irin nasu na fama da ciwon ƙugu in ba a tace iyayen ba. To ni da za a sako min a mota ina zan ga uwa balle uba.

Bowabul na Afirka ta Kudu da Rotwaila nan take na cire su. Bowabul yana haura kilo 60, ya fi manyan yarana biyu nauyi in aka haɗa su. Masu su suna yabon halinsu kuma ban musa ba, amma irin wannan ko da wasa ya banke auta an gama, kuma in na tafi aiki ba wanda zai iya riƙe sarƙarsa a gidan. Shi kuwa Kokeshiyan da samari ke yayi yanzu tausayi yake ba ni wallahi, dabbar da ta fito daga duwatsu masu ƙanƙara da gashi kamar bargo biyu ka kawo ta garin da watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40, ga wuta ba ta tsayawa balle ka ce fanka.

Wanda ya so ya ja hankalina shi ne Labrado. Shekara 31 a jere shi ne na ɗaya a rajistar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, sai a 2022 wani ɗan guntu na Faransa ya karɓe masa, kuma shi ake yawan horarwa ya yi wa makafi jagora, ka ga haƙuri ba a magana. Matsalar ita ce kowa nasa ne, baƙo da ɗan gida duk kaɗa musu wutsiya yake, ni kuma ba abokin wasa kawai nake nema ba. Ga tsada, kuɗin da aka faɗa min ya fi na akuyar da aka sace sau nawa. Su Lasa kuwa, 'yan ƙananan nan masu dogon gashi 'yan asalin Tibet, haushi kam akwai, amma karnukan cikin ɗaki ne kuma na riga na yi alkawari, sannan ka yi tunanin wannan gashin da ƙarangiyar filin bayanmu.

Ina cikin lissafin nan likita ya ce wai kai me ya hana ka namu na gida ne. Gaskiya ban taɓa sa shi a lissafi ba, in aka ce karen gida na bola nake hangowa mai ƙazwa da ke gudun mutane. Ya ce jifa da yunwa ne suka mayar da shi haka, amma a ƙasar nan aka haifi kakanninsa, gashi gajere, jiki madaidaici da ko babban yarona zai iya riƙewa, ya saba da zafinmu da abincinmu. Ya ce in je wurin mafarauta in ga yadda kare ke zama in an riƙe shi da daraja.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Yau na hau mashin na je wani ƙauye a bayan Bunza wurin wani tsohon maharbi da likita ya yi min kwatance. Karnuka shida na ƙirga a gidan, jajaye da masu ruwan ƙasa, dogaye masu shafaffen ciki. Ya ce kakarsu wurin Buzaye ya samo ta, masu gangarowa daga Nijar ta Kamba. Da na ga tsayin ƙafafun sai na tuna hoton Azawak da na gani a waya, karen Buzaye na yankin Mali da Nijar da Burkina Faso da Amurkawa suka shigar rajistarsu a 2019, ga masu kama da shi nan a ƙauyukanmu ba mu ko kallonsu.

Wata karya daga cikinsu ta haihu sati biyu da suka wuce, 'ya'ya biyar, a cikin wani tsohon rumbu da gefensa ya zube, ba su daɗe da buɗe ido ba. Na ce Baba wanne za ka zaɓar min. Ya ce "Ɗana zamna tukuna, kare uwatai aka dubi." Na zauna a kan turmi. Can sai ga jikarsa 'yar kamar shekara 3 da ɗan kwanon fura a hannu, ta zo ta tsuguna dab da bakin rumbun ta sa hannu tana shafa kan wani kwikwiyo. Gabana ya faɗi, don karya mai jego ba a yi mata haka. Uwar ta ɗago ta shinshina hannun yarinyar, ta lashe furar da ke yatsunta, ta mayar da kai ƙasa. Ni kuwa ina matsawa taku biyu ta miƙe ta tsaya tsakanina da 'ya'yan, ba haushi, gurnani ne kaɗan can cikin maƙoshi, idonta a kaina har sai da na koma kan turmina. A wurin na gama zaɓe, ta san ɗan gida ta san baƙo, abin da nake nema ke nan tun farko.

Na tambayi kuɗi ya ce shi ba ya saida kare, tun kakanninsa bayarwa ake yi, in na ga dama in kawo goro. Likita ya riga ya gargaɗe ni kar in raba kwikwiyo da uwa kafin sati 8, wai a cikin 'yan uwa yake koyon iyakar cizo, in ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi ya yi ƙara ya daina wasa da shi, da haka yake ganewa. Na bar wa Baba maganin tsutsa da likita ya ba ni, a riƙa ba su duk sati biyu.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na koma da manyan yara biyu. Akwai wani namiji mai ƙarfin hali da ke hawa kan kowa, akwai wani da ya ɓuya can ƙuryar rumbu ya ƙi fitowa, duk na bar su. Wata mace ce ja mai fari a goshi ta tako a hankali ta shinshina ƙafar 'yata ta zauna a kai, da babban ya ɗaga ta ya kwantar da ita rigingine a hannunsa ta ɗan yi mutsu-mutsu sai ta saki jiki. Tun a hanya suka sa mata Goshi. A gida kuma magini ya gama ɗan ɗakinta na bulo a gindin dalbejiya kusa da turke, da ƙofar waya.

Litinin, 16 ga Disamba

Jiya na ɗauko ta a kwali, na kai wa Baba goro da turmin atamfa na iyalinsa. Ya goga wani tsohon tsumma a jikin uwar ya ce in shimfiɗa mata. Duk da haka ta yi kuka har wajen ƙarfe biyu, ga sanyin hunturu, sai da na fita na ƙara mata buhu biyu na toshe ƙofar ta inda iska ke shiga.

Yau da safe aka yi mata allurar farko, wadda ta haɗa cututtuka da yawa har da fabo mai sa zawon jini, aka ba ni kati. Likita ya ce kar ta taka waje ko ta haɗu da karnukan unguwa sai an gama alluran, amma a cikin gida ta saba da komai tun yanzu, kukan yara, ƙarar mashin, awaki, kaji, masu shigowa, don abin da kwikwiyo ya saba da shi kafin wata uku shi ne ba zai tsorata shi ba in ya girma. Na tara yara na kafa musu doka, ba a taɓa ta tana cin abinci, ba a tashin ta tana barci, ba duka ba jan kunne, auta ba ta zuwa wurin sai da babba, kuma duk wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Abin da nake tsoro ya faru. Ina wurin aiki maman yara ta kira ni muryarta na rawa, Goshi ta ciji mai shekara 5. Kafin in iso wata maƙwabciya har ta ce a yanko gashin karen a ƙona a shafa, Allah ya sa na riga na faɗa wa maman abin da likita ya koya min, ta riƙe hannun yaron a bakin famfo tana wankewa da sabulu minti 15 cur yana ta ihu ba ta sake shi ba. Ciwon ɗan kaɗan ne, haƙori biyu a gefen babban yatsa, amma jini ya fito kuma ba a riga an yi wa Goshi allurar haukar kare ba don sai ta cika sati 12. Ban tsaya shawara ba muka wuce asibiti. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana kusan ba mai tashi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutane wajen 59,000 duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da ya ɓata min rai shi ne asibitin da muka fara zuwa ba su da allurar, sai da na zaga kemis uku kafin na samu wanda na ga ya ciro ta daga firij mai sanyi da idona. An yi masa ta farko, saura rana ta 3 da ta 7, kuma a sa wa karyar ido kwana 10.

Da dare na ce mata alkawari alkawari ne, in kwana goman ya cika zan mayar da ita Bunza. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai ta ce ita ta gani ta taga, yaron ne ya sa hannu cikin kaskon ya fizge kan kifin da take ci, kuma tana kama shi ta saki ta ja baya ta kwanta. Ta ce a bar ta tukuna, amma daga yau a rufe take cin abinci. Laifin nawa ne a nan, na kafa wa ɗan shekara 5 doka na tafi na bar kasko a fili.

Litinin, 13 ga Janairu

Kwana 10 sun cika jiya, Goshi lafiya lau tana ci tana wasa, likitan asibiti ya ce ba sai an ƙara wa yaron wata allura ba. Hannu ya warke. Yau ita ma aka yi mata ta biyu haɗe da ta haukar kare, za a riƙa maimaitawa duk shekara. Yanzu shi yaron ne ke kai mata abinci ina tsaye, ya ce zauna, ta zauna, ya ajiye ya fito ya ja ƙofa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An gama allura ta uku tun ranar 10. Wani saurayi a layinmu da ya sayo Jaman Shefad daga nesa ya rasa shi satin nan, amai da zawon jini kwana uku, ashe katin da aka haɗo masa da shi ba wanda ya san wa ya cika. Na je na yi masa jaje, yaron har hawaye.

Abinci ne ya ɗan ba mu aiki. Da ragowar tuwo da miya muke zuba mata, likita ya ce a daina don albasa na lalata jinin kare, mu kuwa nan ƙasar Aliero wace miya ce ba albasa. Yanzu maman yara na cire mata tuwon dawa tun kafin a sa miya, a haɗa da romon ƙashi da garin busasshen kifin Yawuri, wani lokaci ƙwai. Ƙashin kaza dafaffe ba a ba ta, tsagewa yake ya soki hanji. Kaska kuma daga jikin awaki take hawa, duk yamma ni da babban muna duba cikin kunne da tsakanin yatsu, jiya biyar muka cire.

Asabar, 12 ga Afrilu

Azumi ya zo ya wuce, baƙin salla sun cika gida ba wanda ta yi wa komai, in na ce shiga sai ta shige ɗakinta. Zafi ya sauka sosai, ta haƙa rami a gindin dalbejiya inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa ta kwanta ciki tana haki, ruwanta sau uku ake canzawa a rana. Shekaranjiya da la'asar na tarar da auta zaune a gefenta tana zuba mata ƙasa a baya da murfin kwalba, yayarta na tsaye a kansu, ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba.

Daren Laraba wajen ƙarfe uku ta yi wani haushi da ban taɓa ji ba, ba irin na kyanwa ko na jaki ba, a jere ba tsayawa tana fuskantar kusurwar gabas. Na fito da tocila na ƙwala wa maƙwabci kira. Ba mu ga kowa ba, amma da gari ya waye ga bulo uku an jera a bayan katanga daidai wurin da ragon layya yake ɗaure, ga sawun silifas a cikin yashi.

Wata shida za ta cika satin gobe, likita ya ce kowane lokaci daga yanzu karnukan unguwa za su fara taruwa a ƙofa, kuma ba na son 'yan kwikwiyon da ba ni da inda zan kai su. Mun yi magana a kan aikin cire mahaifa, ya ce in kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Zan koma wurin Malam in ji hukuncinsa tukuna, in ya halatta sai in nemi mota mai fita da asuba kafin rana ta yi zafi. Magini kuma zai zo ranar Talata ya ƙara layi biyu a katangar gabas.